Yadda Ake Zaɓar Ƙaramar Wuƙar Fira Mai Lanƙwasa da Yadda Ake Aiki da Ita

A yawancin gidajenmu wuƙa ɗaya ce ke yin komai. Ita ke yanka naman miya, ita ke fere doya, ita ke kankare citta, wani lokaci ma da ita ake huda gwangwanin tumatir. Ga doya da kabewa babu laifi. Amma in aka zo kan ƙananan dankalin turawan nan da motoci ke saukewa a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi daga Filato, masu ƙulu-ƙulu da ido ko ta ina, babbar wuƙa ɓarna take yi. Bakinta miƙaƙƙe ne, jikin dankali kuwa zagayayye, don haka duk jan da aka yi sai ya kwaso tsoka tare da ɓawo. Uwargida, in kina shakka, yau ki ɗaga ɓawon da za ki zuba wa awaki ki ga kaurinsa.

Wuƙar da aka ƙera don wannan aiki 'yar ƙarama ce. Tsawon bakinta santimita 6 zuwa 7, ya lanƙwaso ciki kamar ƙaramin lauje, kaifin yana cikin lanƙwasar, tsininta kuma yana kallon ƙasa. Saboda wannan lanƙwasa bakin yana kwanciya a jikin abu mai zagaye, ya ɗauke ɓawo siriri ba tare da ya ci tsoka ba. Kukun Faransa ne suka shahara da ita, wurin gyara dankali da karas.

Tun kafin ki kwance bakin zani, ki san iyakarta. Wuƙar hannu ce, ba ta katako ba. Abin da za a fere yana hannun hagu, ita tana dama, komai a sama ake yi. In kika ɗora albasa a katako kika ce za ki yayyanka da ita, tsinin ne kaɗai zai taɓa katakon, tsakiyar bakin na rataye, albasar ba za ta yanku ba, tsinin kuma ya dakushe. Saboda haka wadda kuɗin ƙaramar wuƙa ɗaya kawai take da shi, ni dai shawarata ta sayi miƙaƙƙiya. Wannan ta biyu ce, ta mai yawan fira: gidan da ake soya dankali kullum, mai abincin sayarwa, mai haɗa kayan marmari lokacin azumi.

Zaɓe a kasuwa

Fara da duba kabad ɗinki. Jerin wuƙaƙen da ake saka wa amare cikin kayan kicin sau da yawa akwai irinta a ciki, ita ce 'yar autar jerin, kuma ita ce ake bari a kwali har shekaru saboda an ɗauka tanƙwarewa ta yi. In babu, sai shagunan kayan kicin na kasuwar Wunti ko babbar kasuwa, ko manyan kantuna. Ba kowane mai tebur ke kawo ta ba, kuma in kin tambaya da baki kawai za a yi ta miƙo miki abin da ba shi ba. Ki sauke hotonta a waya ki nuna: “Malam, irin wannan nake nema, mai bakin nan a lanƙwashe.” In ya ce, “Hajiya, ga wadda ta fi ta,” ya miƙo mai haƙora, ki ce a'a. Baki mai haƙora yagar ɓawo yake yi, kuma wasa shi a gida wahala ne.

Da ta zo hannunki, tsinin za ki fara dubawa, don rabin amfaninta yana nan. Wuƙaƙen da ake zubawa tsirara cikin kwali suna gogar juna, tsinin ya karye ko ya naɗe tun ba a sayar ba. Ɗaga ta sama inda haske yake, ki kalli kaifin daga gindi zuwa ƙarshe. Baki mai kaifi ba ya ƙyalli. Duk inda kika ga ɗan farin layi yana walƙiya, wurin ya dakushe.

Sai lanƙwasar. Akwai masu zurfi sosai, kusan ƙugiya. Waɗannan na masu ado da kayan marmari ne, a dankali babba sukan cije. Ki nemi matsakaiciya. Hanya mafi sauƙi ita ce ki je da lemo ko dankali ɗaya a jaka, ki kwantar da bakin a jikinsa. In yawancin kaifin ya taɓa jikin, ta yi.

Kaurin ƙarfen kada ya kai milimita 2 a bayansa. Wuƙa mai kauri ɓara abu take yi maimakon ta shige. Amma kuma kada ta zama falan-falan da ɗan danni zai tanƙwara ta.

Ƙota ita ce inda mutane ke yaudaruwa. Wadda aka yi da ƙarfe sumul daga baki har gindi tana da kyau a ido, amma hannun mai fira jiƙaƙƙe ne, ga sitacin dankali, ga yauƙin kuɓewa, sai ta riƙa juyawa a tafi. Roba mai ɗan kaushi ta fi, ko katako da aka ɗaure da ƙusoshi. Ki girgiza bakin da yatsu biyu ki ji ko yana motsi a cikin ƙotar, ki kuma leƙa mahaɗarsu: in da rata, nan datti zai riƙa maƙalewa. Nauyi ma ba alheri ba ne a nan. Wuƙar da za ki riƙe a sama har ki gama kwano guda na dankali gara mara nauyi.

Batun ƙarfe kuwa, wanda ba ya tsatsa ya fi dacewa, tunda aikinta kullum cikin ruwa ne da tsamin lemo da tumatir. Abin da ke hana shi tsatsa sinadarin kuromiyam ne, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. A jikin wasu wuƙaƙen Jamus za ki ga an buga X50CrMoV15. Wato kabon ɗinsa wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne, kuromiyam wajen kashi 15, ƙarfe ne mai riƙe kaifi daidai gwargwado kuma mai sauƙin wasa. Kamfanin Victorinox na ƙasar Suwizalan, wanda ya faro tun 1884, yana yin irinta da ƙotar roba mara nauyi. Wüsthof na garin Solingen a Jamus da Opinel na Faransa su ma suna yi. Sai dai suna a jikin ƙarfe ba shaida ba ne, jabu sun yi yawa. Kuma a ganina wannan ba wuƙar da za a zuba wa kuɗi mai yawa ba ce. Ƙarama ce, takan bi ɓawo zuwa kwandon shara ba a sani ba.

Wadda ba ta samu ba tana iya kai hoton wurin maƙeri. Maƙeranmu sun saba da lauje, lanƙwasa ba baƙuwarsu ba ce. Ki dai nanata masa cewa siririya kike so, kuma a wasa ta ɓangare biyu. Baƙin ƙarfensu yana yin kaifi ƙwarai, amma yana tsatsa, yana baƙi in ya sha lemo, har yakan bar ɗan ɗanɗanon ƙarfe a abarba. Irin wannan sai an goge ta nan take, a shafa mata ɗigon man gyaɗa.

Riƙo

A nan ne ake banbanta wadda za ta ji daɗin wuƙar da wadda za ta jefar da ita bayan kwana biyu.

Ki naɗe ƙotar da yatsu huɗu, can sama kusa da baki, har manuniya ta ɗan hau bayan ƙarfen. Kaifin yana kallonki. Babban yatsa ba ya cikin riƙon, sake yake, domin shi za ki dafa a jikin dankalin. Dankalin yana hannun hagu, a riƙe da kan yatsu, ba a dunƙule cikin tafi ba. Gwiwar hannu biyu su matso jiki. In a kujera 'yar tsuguno kike, ki ɗora su a cinya.

Motsin ba daga kafaɗa yake fitowa ba, ba kuma daga wuyan hannu ba. Kamar dai za ki dunƙule hannu ne a hankali: yatsu huɗun nan su matso wajen babban yatsa, wuƙar ta biyo su. Tafiyar ba ta wuce santimita biyu ko uku a kowane ja. Shi ya sa ko ta zame ba ta da ƙarfin da za ta yi nisa. Babban yatsan kuma ki ajiye shi ƙasa da layin da kaifin zai bi, yadda in wuƙar ta fita daga jikin dankalin za ta wuce ta samansa. Kada ki tare kaifi da tsokar yatsa kamar yadda wasu ke yi da dakusasshiyar wuƙa wurin yanka kuɓewa. Wannan ba za ta yafe ba.

Sannan abu mafi muhimmanci: hannun hagu ne ke aiki. Wuƙar tana kusan wuri ɗaya, dankalin ne ke juyawa yana shigo mata. Ki tsaya gaban mai lemo a bakin titi ki kalli hannunsa minti ɗaya. Wuƙarsa kusan ba ta motsi, lemon ne ke zagayawa tsakanin yatsunsa, ɓawon na sauka zare ɗaya har ƙasa bai tsinke ba, farin na nan bai huje ba. Wannan hannu kike son koya. Mai bahago ta juya komai; yawancin waɗannan wuƙaƙe an wasa su gefe biyu, sun dace da kowane hannu.

Dankalin turawa, daki-daki

Wanke shi tukuna. Ƙasar da ke jikinsa ita ke cinye kaifi fiye da komai. Ki tsane shi, ki ajiye roba da ruwa a gefe.

Ki ɗan sare kansa da gindinsa, ƙanana, don yatsu su sami madafa. Riƙe shi tsakanin babban yatsa da manuniya ta waɗannan wurare biyu. Ɗora tsakiyar lanƙwasar a sama, ki kwantar da bakin sosai, kusan a shimfiɗe. In kika ɗaga bayan wuƙar za ta nutse. In kika kwantar da yawa za ta zame bisa ɓawo. Ki jawo zuwa ƙasa, ki juya dankalin kaɗan, ki sake. Kowane ja ya ɗan hau kan na baya don kada a bar layin ɓawo. Ɓawon da ya fita daidai, in kin ɗaga shi, haske yana ratsa shi.

Idanun kada ki bi su da fira, za ki cinye dankalin. Ki bar su har ƙarshe, sannan ki soka tsinin a gefen ido, a karkace, ki juya dankalin zagaye ɗaya. Ɗan dunƙule zai fito kamar hula, idon na ciki. Haka ake yi wa wurin da ya buge ya yi baƙi.

Wurin da ya yi kore da wanda ya fara tsiro kuwa, nan ba wurin tattali ba ne. Dankalin da haske ya daka yana tara wani dafi mai suna solanin a ƙarƙashin ɓawo da gindin tsiro, kuma dahuwa ba ta kashe shi. Ki yanke da zurfi har sai kin ga fari tas. In koren ya mamaye shi, ko ya yi yaushi da tsiro da yawa, a zubar. Wanda aka gama a jefa shi cikin ruwan nan don kada iska ta sa ya yi duhu.

Dankalin Hausa da gwaza haka ake bi da su, sai dai gwaza tana ƙaiƙayi, a ɗan shafa mai a hannu. Doya babba da kabewa ba nata ba ne, ƙarfinsu ya fi ta. A ɗauko babbar wuƙa.

Sauran ayyuka

Lemo na sha: fara daga kai, ki shiga ɓawon kore ko ruwan ɗorawa kawai, ki bar farin, kina juyawa. In yanka za ki yi cikin haɗin kayan marmari, ki cire har farin, sannan ki bi gefen kowane ɓari da tsini ki zaro tsokar.

Mangwaro ya fi komai santsi. Ki bar ɓawon gindi da na kai don madafa, ki fere gefe ɗaya, ki yanke tsokarsa, sannan ki juya ɗaya gefen. Wadda ta fere shi duka lokaci ɗaya za ta yi ta kokawa da shi.

Abarba da babbar wuƙa ake cire mata riga. Aikin ƙaramar shi ne idanun. In kin lura a jere suke, layi-layi a karkace. Ki bi layin da yanka biyu masu haɗuwa a ƙasa, ki ɗauke ido uku ko huɗu tare. Ya fi sassare rabin abarbar.

Tattasai: soka tsinin a gefen hancin, ki zagaya, ki jawo, 'ya'yan su biyo. Attaruhu ma haka, in ana son rage yaji, amma ki sa leda a hannun hagu. Tumatir da za a cire wa fata: ƙwaƙule hancin, ki tsaga gindin giciye sama-sama, ki tsoma a tafasasshen ruwa kamar daƙiƙa 30, sai ruwan sanyi, fatar za ta ɗago da kanta ki ja da tsini. Kuɓewa a zagaye hular kawai. Albasa da tafarnuwa a sare gindi a ɗago ɓawo da tsini. Citta kuwa, gaskiya cokali ya fi. Wuƙar sai dai wurin lungunan da cokali bai shiga.

Akwai yankan da kukun Faransa ke gwada almajiransu da shi: a mai da dankali ko karas dunƙule mai tsawon kusan santimita 5, ciki ya fito, kai da gindi su tsuke, gefe bakwai daidai wa daida. Dalilinsa shi ne su nuna lokaci guda kuma su yi kyau a faranti. Ana raba babban dankali huɗu a tsaye, a sare kai da gindi, sannan a ja wuƙar daga sama zuwa ƙasa ja ɗaya mai lanƙwasa, a juya kaɗan, a sake, har sau bakwai. Yana zubar da tsoka da yawa, don haka ba na kullum ba ne. Ranar baƙi ko farfesun sallah. Guntayen a yi fate da su. Amma ko ba za ki taɓa kai shi tebur ba, ki gwada da 'yan dankali, babu abin da ke horar da hannu kamarsa.

Wasa

Yawancin waɗannan wuƙaƙe a nan suke mutuwa. Dutsen wasa shimfiɗaɗɗe ba ya shiga cikin lanƙwasa. Gindi da tsini kawai yake ci, tsakiya na nan a dakushe. Masu wasa da inji kuma, in ba a ja musu kunne ba, sukan cinye tsinin, su miƙar da bakin. In kin ga ƙarfe ya yi shuɗi-shuɗi bayan inji, zafi ya ƙona shi, wurin ba zai ƙara riƙe kaifi ba.

Abu zagayayye ake buƙata. Sandan wasa na tangaran shi ne daidai. Na ƙarfe irin na mahauta miƙar da bakin da ya naɗe kawai yake yi, ba ya fitar da sabon kaifi, amma yana da amfani tsakanin wasa da wasa. In babu ko ɗaya, ki sayi samfefa mai laushi, lamba 600 da 1000, wurin masu kayan fenti, ki naɗa a guntun fayif ɗin ruwa ko sandar mofa, ki ɗaure da kyauro. A gaggauce kuma, kifa kofin tangaran: zoben gindinsa mara sheƙi siriri ne, yana shiga lanƙwasar.

Shafa maka, wato alƙalamin nan mai kaurin tawada, a kan kaifin, gefe biyu. Kwantar da wuƙar a jikin sandan da kusurwar digiri 15 zuwa 20. Yadda za ki gane: a tsaye cak 90 ne, rabinsa 45, rabin wannan kusan 22, sai ki ɗan ƙara kwantarwa. Ki ja daga gindi zuwa tsini, kina ɗan juya hannu don bin lanƙwasar. A kan samfefa bayan wuƙar ne ke gaba, kaifin na biye, in ba haka ba za ta yanke takardar. Bayan ja kaɗan ki duba: inda maka ta goge, nan ake ci. In ta goge can sama ta bar bakin, ɗaga bayan wuƙar kaɗan.

Ci gaba a gefe ɗaya har sai kin shafa ɗaya gefen, daga baya zuwa baki, kin ji ɗan kaushi tun daga gindi har tsini. Wannan ne shaidar kin kai ƙarshen kaifi. Juya ki yi haka a ɗaya gefen. Koma kan lamba 1000, hannu sakwa-sakwa, gefe-gefe. Ki ƙarasa da ja a bayan tsohon bel na fata don kaushin ya fita. Gwaji da tumatir nunanne: in ta shiga fatar ba tare da danni ba, ta yi. A wanke kafin ta taɓa abinci.

Wanki, ajiya da tsautsayi

Kada a jefa ta cikin bahon wanke-wanke. Ƙarama ce, kumfa na rufe ta, yarinyar da ke wanki ta zura hannu. Ki wanke ta da kanki da kin gama, soso na bin bayanta, ki goge, ki adana. In ba ta zo da kube ba, ki naɗe kwali ki manne da salatif, ko ki soka tsinin a guntun roba. Wurin ajiyar ya fi ƙarfin hannun yara, don girmanta na sa su ɗauke ta abin wasa. In ta suɓuce, ja ƙafa baya ki bar ta ta faɗi. Kuma ba a buɗe gwangwani ko ɓanɓare murfi da tsininta.

In an yanke, a wanke da ruwa mai tsabta, a danne da tsumma mai tsabta minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba, hannun a sama. Kada a zuba toka, ƙasa ko kananzir. In jinin bai tsaya ba, ko yankan ya buɗe baki, ko yatsan ya ƙi lanƙwasuwa ko ya mutu, a tafi asibiti, a kuma gaya musu yaushe rabon da a yi allurar tetanus, musamman in wuƙar maƙeri ce mai tsatsa.